Rula ba ta shiga cikin gilashi: yadda ake auna ƙarfin tabarau da gilashin kyamara

Duk wanda ya bi ta wajen Taminus a Jos ya san masu sayar da tabarau na karatu. Sun jera su a kan allo, kowanne da 'yar takarda manne a kusurwar gilashin, an rubuta +1.50, +2.00, +2.50. Dattijo ya zo ya ɗauki wannan ya duba rubutun wayarsa, ya ajiye ya ɗauki wancan, har ya dace da wanda ya fi zauna masa. Lambar da ke jikin takardar nan awo ce mai ma'ana ɗaya tak, ana iya tabbatar da ita, ana iya ƙaryata ta. Yadda ake yin wannan tabbatarwar shi nake so mu duba, domin tambayar da ake gani kamar ta yara, wato nawa ne ƙarfin wannan gilashi, ta ba manyan masana lissafi na ƙarni na 19 aiki sosai, kuma har gobe ita ce ke bambanta aikin ƙwarai da na jeka-na-yi-ka a wurin haɗa tabarau.

Gilashin da tsakiyarsa ta fi gefensa kauri yana tattara haske. Hasken da ya taso daga wuri mai nisa ƙwarai, kamar na rana, yana isowa a miƙe, zare-zarensa a jere, ba sa kusantar juna kuma ba sa nisantar juna. Idan ya ratsa irin wannan gilashi sai ya karkata ya haɗu a wuri guda. Wurin nan shi ne matattarar haske, nisansa daga gilashin kuma shi ne tazarar matattara, abin da ɗalibai ke rubutawa da harafin f. Gilashi mai ƙarfi yana tattara haske a kusa, marar ƙarfi sai can nesa. Lambar tabarau, wadda ake ƙirgawa da dayofta, ana samun ta ne idan aka raba 1 da wannan tazara a ma'aunin mita. Saboda haka +2.00 na nufin rabin mita, +2.50 santimita 40, +4.00 santimita 25. Wani likitan ido Bafaranshe, Ferdinand Monoyer, shi ya kawo shawarar wannan ma'auni a 1872. Kafin nan da inci ake ƙirga gilashin tabarau, incin Faransa kuwa daban yake da na Ingila, don haka lamba ɗaya na iya zama gilasai biyu. Sanin cewa gilashi na tattara haske ya girmi duk wannan da ƙarnuka: Ibnu Sahal, a Bagadaza wajen shekarar 984, ya yi rubutu kan madubai da gilasan ƙona abu, har ya fitar da siffar da za a ba gilashi don hasken ya haɗu a ɗigo ɗaya.

Hanya mafi sauƙi kowa na iya gwada ta yau. A tsaya cikin ɗaki, a riƙe gilashin tsakanin taga da farin bango, a riƙa matsar da shi har hoton abin da ke can waje ya fito a bangon, ƙarami, kai a ƙasa. A ɗauki tef ɗin tela a auna daga gilashi zuwa bango. In tabarau ne mai +2.00, ya kamata a ga kusan santimita 50. In aka ga 40, takardar ta yi ƙarya, ko an manna ta a inda ba nata ba. Wannan gwaji ya isa ya kama babban kuskure, kuma ina ganin ya kamata duk mai sayen tabarau na kan hanya ya san shi. Sai dai a kula da abin da ake ɗaukar hotonsa. In ƙarfen tagar ne, wanda bai wuce mita 4 ba, gilashi mai tazarar santimita 20 zai aje hotonsa a santimita 21 da 'yan kai, kuskuren kashi 5 cikin ɗari ke nan tun ba a je ko'ina ba. In kuwa hasumiyar masallaci ce mai nisan mita 100, kuskuren bai kai rabin milimita ba. A Jos ba a rasa dutse ko dogon gini da za a hanga daga taga, sai dai in hazon hunturu ya rufe. Da rana ma ana yi, a tattara haskenta a kan kati, amma kada a kuskura a kalli rana ta cikin gilashin, ko da ƙiftawa ɗaya ce.

To amma tef ɗin nan, daga ina aka ɗora shi? Daga fuskar gilashin ta gaba, ko ta baya, ko daga tsakiyarsa? A nan duk wahalar take. Littafin sakandare yana zana gilashi kamar layi ɗaya marar kauri, amma na hannunka yana da kauri, kuma haske yana karkata sau biyu, wajen shiga da wajen fita. Carl Friedrich Gauss, a aikin da aka buga a 1841, ya nuna cewa kowane gilashi, ko tarin gilasai, ana iya ɗaukarsa kamar yana da shimfiɗu biyu na ɓoye waɗanda daga gare su ne ya kamata a fara awo, ɗaya ta ɓangaren abin da ake kallo, ɗaya ta ɓangaren hoto. A gilashin da ya yi tudu ta fuska biyu, shimfiɗun suna can cikin jikin gilashin, tsakaninsu kusan sulusin kaurinsa. A gilashin tabarau, wanda ke lanƙwashe kamar jinjirin wata, suna iya fitowa waje ɗungurungum. A dogon gilashin kyamara na ɗauko nesa, shimfiɗar da ake awo daga gare ta tana iya kasancewa a cikin iska, gaban kyamarar, inda babu komai, shi ya sa jikin gilashin yake iya gaza tsawon da aka rubuta masa. Ba wanda zai iya dasa bakin rula a wurin da ba a gani, ba a taɓawa. Duk hanyoyin da za su biyo baya dabaru ne na kauce wa wannan, kuma a ganina darajar kowace hanya tana ga yadda ta iya kaucewar.

Hanyar da 'yan makarantarmu suka fi sani ita ce ta firaktikal ɗin WAEC da NECO: akwatin fitila mai giciyen waya a bakinsa, gilashi a kan maƙalin katako, farin allo, da rula mai mita ɗaya. A auna u daga fitila zuwa gilashi, a auna v daga gilashi zuwa allo, a sa a cikin 1/f = 1/u + 1/v. In u 30 ne, v 60, f ya zama 20. Lissafin daidai yake, matsalar tana wurin hannu da ido. Maƙalin katakon ba lallai ne tsakiyarsa ta dace da tsakiyar gilashin ba, ɗalibi kuwa jikin katakon yake karantawa. Maganin wannan mai sauƙi ne, ba kasafai ake koyar da shi ba: a juya maƙalin gaba ya koma baya, a sake awo, a ɗauki tsakatsakin biyun. Matsala ta biyu ta fi wuya. Hoto ba ya fitowa tangaran a wuri ɗaya kawai. Akwai 'yar tazara, wani lokaci ta kai santimita guda ko fiye, wadda duk inda ka aje allon a cikinta ido zai ce maka ya yi. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a nan ƙimar tasa tana da faɗi. Mai hankali yakan taho da allon daga nesa har hoton ya fara fitowa ya yi alama, ya sake tahowa daga kusa ya yi wata alamar, sannan ya ɗauki tsakiya.

Akwai kuma laifin gilashin kansa. Hasken da ya bi ta gefen gilashi yana haɗuwa kusa fiye da wanda ya bi ta tsakiya, don haka gilashin da aka bari a buɗe ba shi da matattara ɗaya. Tazarar da littafi ke nufi ta hasken tsakiya ce, shi ya sa ake rufe gefen da baƙar takarda a bar ƙofa ƙarama. Amma in ƙofar ta yi ƙanƙanta da yawa, tazarar nan da ido ke ruɗewa a cikinta sai ta ƙara faɗi. Dole a nemi tsaka-tsaki. Launi ma yana da nasa: shuɗin haske yana haɗuwa kusa, ja yana haɗuwa nesa. A gilashin tabarau na asali mai tazarar santimita 20, tsakanin shuɗi da ja akwai milimita 3 da rabi ko kusa da haka. A robar folikabonet, wadda ake yi wa yara tabarau da ita saboda ba ta saurin fashewa, bambancin ya kusa ninka hakan. Wanda ya yi awo da farin ƙwan fitila ya rubuta 20.03, lambobin ƙarshen nan ba daga awon suka fito ba, daga kalkuleta suka fito. Masana'antu suna ƙayyade launin da suka yi awo da shi, galibi rawayan hasken iskar hiliyom mai tsawon zango nanomita 587.6 ko koren hasken makuri mai 546.1.

Hanyar madubi tana burge ni saboda ƙarancin kayanta. A kwantar da madubi a kan tebur, a ɗora gilashin a kansa, a riƙe allura a sama ana ɗagawa ana saukewa. Idan bakin allurar ya zo daidai matattara, hasken da ya taso daga gare ta zai fita gilashin a miƙe, madubi ya maido shi ta hanyar da ya bi, hoton allurar ya bayyana a juye, baki da baki da allurar. Ana tabbatarwa ne da kaɗa kai dama da hagu: in allura da hotonta suna rabuwa, ba wuri ɗaya suke ba, in suna tafiya tare kamar an ɗinke su, an samu. Ba a buƙatar abu mai nisa, madubi ya tsaya a madadin nisan. Tarko ɗaya ne a ciki: bayan gilashin shi ma yana maido ɗan haske, yakan ba da wani hoto dishi-dishi a kusa. A zare madubin; in hoton bai ɓace ba, na bogi ne. Duk da kyawunta, hanyar ba ta warware tambayarmu ba, don abin da ta ba ka nisan allura ne zuwa fuskar gilashi, sauran kuma sai ka ƙiyasta.

Wanda ya yi wa matsalar dabara ta gaske shi ne Friedrich Bessel, masanin taurari Bajamushe, a 1840, shekara biyu bayan ya auna nisan wani tauraro daga duniya. A kafe fitila da allo wuri ɗaya, tsakaninsu D, a tabbata D ya wuce ninki huɗu na tazarar da ake nema. Gilashin kaɗai za a riƙa zamarwa. Za a tarar da wurare biyu da hoto ke fitowa: ɗaya kusa da fitila, hoton babba, ɗaya kusa da allo, hoton ƙarami. Dalili shi ne haske bai damu da ina ne gaba ina ne baya ba, in u da v suka yi musayar wuri lissafin bai canja ba. A auna nisan da gilashin ya yi tafiya tsakanin wuraren biyu, a kira shi d. Sai a ninka D da kansa, a ɗebe d da aka ninka da kansa, a raba da D sau huɗu. In D santimita 90 ne, d kuma 30, to 8100 a ɗebe 900 saura 7200, a raba da 360, an samu 20.

Abin lura shi ne d tafiya ce, ba wuri ba. Ka yi alama a ko'ina a jikin maƙalin, a gefe ko a ƙafa, alamar za ta yi tafiya daidai da wadda gilashin ya yi, ko ka san tsakiyarsa ko ba ka sani ba. Kamar mai sayen man ja ne da ya ɗora galan a sikeli kafin a ƙara masa mai da kuma bayan an ƙara: bambancin biyun ba ruwansa da nauyin galan. D kuma tsakanin abubuwa biyu ne da ake iya taɓawa da bakin rula. Kuskuren maƙali ya fita ke nan gaba ɗaya. Akwai ma kyauta a ciki: in ka ninka tsayin babban hoto da na ƙaramin, ka ɗauki tushen abin da ya fito, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka shi, za ka samu ainihin tsayin abin da ke bakin fitilar, hanyar da ake auna siririn zaren ƙwan fitila ba tare da fasa ƙwan ba. Abin da hanyar Bessel ba ta kawar ba shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin shimfiɗun Gauss guda biyu, wadda a ƙa'ida ya kamata a ɗebe daga D. A gilashi mai kaurin milimita 9, wannan kusan milimita 3 ce, kuma a misalinmu za ta sa amsa ta haura gaskiya da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Ga aikin makaranta wannan ba komai ba ne. Ga gilashin madubin likita na duba ƙwayoyin cuta, wanda tarin gilasai ne masu gajeriyar tazara, babban abu ne.

Ernst Abbe, wanda ya yi aiki da kamfanin Zeiss a garin Jena na Jamus, shi ake jingina wa hanyar da ta rufe wannan ƙofar. Gilashi ya zauna inda yake. A auna ninkin girman hoto, wato tsayin hoto a raba da tsayin abu. A matsar da abun da wani nisa sananne, a sake auna ninkin. A juya kowane ninki, wato a raba 1 da shi, a ɗebe ƙarami daga babba, sannan a raba nisan da aka matsa da abin da ya rage. In da farko hoton ya ninka abu sau 2, bayan an ja abun baya da santimita 10 suka zama kai ɗaya, to rabi ke nan da ɗaya, bambancinsu rabi, 10 a raba da rabi 20. Babu inda aka tambayi ina gilashin yake, ko kaurinsa nawa, ko gilasai nawa ne a ciki. Nauyin ya koma kan auna tsayin hoto da kyau, don haka ake sa siririyar rula ta gilashi a madadin abu, a karanta hoton da madubin ƙara girma.

Masu harkar kyamara, kuma Jos gari ne na kyamara tunda a nan Hukumar Fina-finai ta Najeriya take da makarantarta, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA, suna da wata hanyar da ta dace da kayansu. Ana ɗora gilashin kyamarar a kan wani maƙali mai juyawa dama da hagu, wanda kuma ake iya zamar da gilashin gaba da baya a kansa. A haska shi da miƙaƙƙen haske, a riƙa ɗan juya shi ana kallon hoton. Da farko hoton zai riƙa gudu gefe da gefe. A ci gaba da zamarwa har a zo inda ko an juya gilashin hoton ba ya motsi. A wannan lokaci ƙusar da maƙalin ke juyawa a kanta tana daidai ƙarƙashin shimfiɗar ɓoyen nan, nisanta zuwa hoton kuma shi ne tazarar matattara ta haƙiƙa. Wato an sa gilashin ya nuna wurin da kansa. A masana'anta an fi amfani da 'yar uwar wannan: a turo miƙaƙƙen haske daga kusurwa sananniya, a auna yadda hoton ya goce daga tsakiya, a fitar da tazarar daga nan. Wannan ce tazarar da ke yanke girman abu a cikin hoto. Lambar da ake tallata waya da ita, 24 ko 26, ba ita ce ainihin tazarar gilashin wayar ba. Ta gaskiyar 'yan milimita ce kawai, waccan kwatance ce da tsohuwar kyamara mai fim ɗin milimita 35.

Gilashi mai kwarmi a tsakiya, na masu ganin kusa ba sa ganin nesa, yana watsa haske ne, ba ya aje hoto a allo. Sai a manna shi da mai tudu wanda ya fi shi ƙarfi kuma an san lambarsa, a auna su tare, a ɗebe. In +10 ne aka haɗa da shi, tazarar biyun ta fito santimita 16.7, wato +6, to baƙon −4 ne. Tsofaffin masu haɗa tabarau suna yin irin wannan da hannu: ka riƙe gilashi kana kallon layi ta cikinsa, ka motsa shi, in layin ya bi hannunka mai kwarmi ne, in ya saɓa mai tudu ne. Sai a yi ta ɗora masa kishiyarsa daga akwatin gwaji har layin ya daina motsi.

A asibitin ido, ko JUTH ne, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko Jankwano ko shagon mai haɗa tabarau, na'urar da ke wannan aiki ita ce lensmita, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A cikinta akwai gilashi sananne, da wata alama mai haske, yawanci koriya, da ke zaune a matattararsa ta baya. Tabarau ɗin da za a auna ana jingina bayansa ne a wani ɗan baki da aka kafa daidai matattarar gaba. In babu tabarau, alamar na fitowa tangaran a kan sifili. In an sa, sai ta dushe, mai awo ya murɗa dunƙulen gefe, alamar ta matsa gaba ko baya har ta sake fitowa. Hikimar kafa bakin a wannan wuri, wadda ake dangantawa da likitan ido Bafaranshe Jules Badal, ita ce tafiyar alamar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da lambar tabarau: in gilashin cikin mai tazarar milimita 50 ne, kowace dayofta ɗaya tafiyar milimita 2.5 ce, daga farkon ma'aunin har ƙarshensa. Shi ya sa zanen jikin dunƙulen yake a jere daidai wa daida.

Lensmita ba ta neman shimfiɗun Gauss ko kaɗan. Daga fuskar gilashi ta baya take awo, kuma da gangan ne, domin abin da ya shafi mai tabarau shi ne nisan matattara daga fuskar da ke kallon idonsa. Lambar da likita ya rubuta ma haka take nufi. Wannan na da sakamako biyu da ya kamata a sani. Tabarau mai ƙarfi in aka juya shi aka auna ta gaba, lambar za ta bambanta, don haka yadda aka ɗora shi a na'urar ba abin wasa ba ne. Sannan nisan gilashi daga ido, wanda yawanci milimita 12 zuwa 14 ne, yana cikin lissafin: +10 da ya zame gaba a kan hanci da milimita 5 yana aiki kamar +10.50. Ga mai +1.50 wannan ba ya nuna kansa, ga mai lamba babba kuwa firam ɗin da bai zauna ba ya canja masa magani. Ana rubuta tabarau ne da taki na rubu'in dayofta, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ba ta yarda gilashi mai matsakaicin ƙarfi ya kauce da fiye da kusan rabin wannan takin ba. Tef ɗin tela ba zai kai nan ba. Ba zai kuma nuna maka ko tsakiyar gilasan biyu ta dace da tsakanin idanunka ba, wanda in ya goce da milimita 5 a gilashi mai +3 yana tilasta wa ido karkata, ga ciwon kai da yamma. Tabarau na kan hanya lamba ɗaya ce a ido biyu, idanun mutane da yawa kuwa ba kai ɗaya suke ba. Ba na cikin masu cewa a kore su daga kasuwa, don sun maido wa dattawa da yawa karatu da ɗinki a kuɗi kaɗan, amma wanda zai wuni da tabarau a fuska ya kamata ya kai a ɗora masa a lensmita. Tun 1989 akwai hukumar ODORBN da ke rajistar masu gwajin ido da masu haɗa tabarau a ƙasar nan, kuma haƙƙin mai saye ne ya ce a auna a gabansa.

Lensmita ta hannu tana da sharaɗi: mai awo ya fara daidaita madubin leƙawa da idonsa, in ba haka ba kuskuren idonsa zai shiga kowace lamba da ya rubuta ranar. Sababbin masu allo sun cire idon mutum daga lissafin, suna harba ɗigogin haske ta cikin gilashin su auna yadda kowanne ya goce, amma su ma sai ana gwada su da gilashin da aka tabbatar da lambarsa. Akwai kuma ɗan ma'auni mai kama da agogo, mai ƙafa uku, da ake dannawa a fuskar gilashi. Shi lanƙwasa yake aunawa, ba haske ba, kuma an zana lambobinsa ne bisa zaton gilashin yana karkata haske da ma'aunin 1.53. A kan folikabonet, mai 1.586, zai rage lambar da kusan kashi 10 cikin ɗari, a kan robar tabarau ta yau da kullum, mai 1.498, ya ƙara.

Abin da ke kewaye da gilashi ma yana cikin awon. Gilashin da ke da tazarar santimita 20 a iska, a cikin ruwa zai kai kusan 80. Wannan ya shafi duk wanda aka yi wa aikin yanar ido, domin ɗan gilashin roba da ake dasawa a cikin ido, wanda yawanci lambarsa ke kewayen +20, a cikin ruwan ido zai zauna, kuma lambar da ke jikin kwalinsa ta cikin ruwa ce. Harold Ridley, da ya fara dasa irinsa a Landan a 1949, aikin ya yi, amma ƙarfin gilashin ya zarce abin da idon ke buƙata da nisa, matar da aka yi wa aikin ta koma ba ta ganin nesa sai da tabarau mai kauri. Wanda aka dasa a ido ba a cire shi a canja kamar na kan hanci.

Babban darasi kan dogaro da ma'auni ɗaya ya zo ne daga sama. Madubin hangen taurari na Hubble, da Amurka ta harba a 1990, an goge shi da tsananin kulawa, amma bisa siffar da ba ita ba, domin wani ƙaramin gilashi a cikin na'urar gwajinsa ya goce daga mazauninsa da milimita 1.3. Gefen madubin ya kauce da kusan maikuromita 2, hotuna suka fito da dishi, sai a Disamban 1993 'yan sama-jannati suka je suka sa masa gyara. Wasu na'urorin gwaji biyu, waɗanda ba su kai waccan daraja ba, sun nuna akwai matsala tun madubin yana ƙasa, aka ƙi sauraron su saboda an fi yarda da babbar.

Abin da nake so in gani a makarantun sakandarenmu na Jos, daga na gwamnati har na Islamiyya masu ajin kimiyya, ba ya buƙatar sayen komai. Kayan hanyar Bessel su ne dai kayan da ake fitarwa lokacin WAEC, hanyar madubi kuwa madubi ne da allura. A ba yara gilashi ɗaya su auna ta hanya uku, kada a gaya musu amsar da ke jikin kwali, a kuma hana su goge lambar da ba ta yi musu daɗi ba. Amsoshin ba za su zo ɗaya ba, kuma kowace za ta kauce ta inda ake iya faɗa tun kafin a fara: ta taga za ta haura in abin da aka hanga bai yi nisa ba, ta madubi za ta gaza in daga saman gilashi aka ɗora rula, ta Bessel za ta haura da ɗan kaɗan gwargwadon kaurin gilashin. Malami ya tambayi kowane rukuni wacce suka fi yarda da ita da dalilinsu, ya ba da makin a kan dalilin. A takardar rahoto kuma a wajabta rubuta faɗin shakka kusa da amsa, kamar santimita 20.1 da yiwuwar kaucewar milimita 2 sama ko ƙasa, tare da launin fitilar da aka yi awon da ita.